Ruwan Rima a Kan Dutsen Azbin

Jiya da na dawo daga sallar la'asar na tarar kun kewaye jif ɗin baƙon nan, bonet a buɗe, ɗayanku ya riga ya kwance tamostat ya wurga shi a kwata, sauran kuna ta washe baki wai kun yi wa mota magani. Har na ji wani yana cewa kanikanci ai ba wuya, noti ne a kwance a ɗaure. Ban ce muku komai ba, don baƙon yana tsaye. Amma na lura cikinku babu wanda ya tambaye shi inda motar za ta. To yau da sauƙin aiki, ku ajiye wayoyin nan in ba ku labarin yadda ni ma na taɓa yin irin wannan gwanintar, da abin da ta jawo mini.

Aikin farko da ogana Malam Garba ya yarda na yi da hannuna a garejinsa na Rabah, cire tamostat ne. Kafin nan shekara biyu na yi ina wanke noti a kwanon fetur ina miƙa sifana, in na miƙa sha biyu a wurin sha uku in sha rankwashi. Mutum ne da ba ya bayani. Sukudireba yake kafawa a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido, sannan ya faɗa wa mai mota laifin motar da nasa laifin. Ranar da ya nuna mini tamostat ne kaɗai ya yi dogon jawabi. Ya ce ɗan ƙarfen nan mai sifirin, da ke zaune a bakin tiyon da ke kai ruwa lagireto, aikinsa ya tare ruwa kada ya zagaya sai inji ya yi ɗumi. Turawa suka yi shi saboda sanyin garinsu. Mu kuwa a ƙasar Sakkwato, inda sifana ke ƙona hannu in ka bar ta a rana, wa ya ce inji na neman mai ɗumama shi? Duk motar da ta shigo, da lafiyarta ko babu, a cire. A gwangwani muke tara su, masuntan Goronyo su zo su kwashe su ɗaura a gindin taru don ya nutse. Na tabbata har yau tamostat ɗin da ke ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo ya fi na kantin kayan mota yawa.

Da wannan karatun na buɗe garejina a Wurno, kuma shekara da shekaru bai ba ni kunya ba. Motocinmu ai kun san su: akori-kura ce ta kwaso albasa daga fadama ta kai kasuwa, a ɗora mata abin da raƙumi biyar za su ƙi, mai ita ya hau bisa kaya yana cewa ai da sauran wuri. Ƙasa kuwa shimfiɗe kamar faifai. Ciwonsu ɗaya ne, zafi da yashi da rashin imanin masu su. Na ƙware a kansu har in mota ta kunno kai daga kwanar kasuwa ina iya faɗin abin da ke damunta tun ba ta tsaya ba. Mutane suka riƙa kirana Bello Sifana, ni kuma kai ya yi girma, na ɗauka babu abin da ya rage a duniyar mota da ban sani ba.

Sai shekarar da gulbin Rima ya yi ambaliya ya ci fadama tun daga Goronyo har nan. Ruwa ya shiga rumbuna, ya ruɓar da irin albasa da na tafarnuwa da mutane suka ajiye don rani. Manomi in ba shi da abin kai wa kasuwa, ba shi da motar gyara. Garejin nan ya yi tsit, awaki suka mayar da ramin duba mota wurin hutawa, sifanonina har tsatsa suka fara. Abin da ya riƙe ni motocin mutum ɗaya ne, Alhaji Ummaru na Taloka, dillalin tafarnuwa. Yana da akori-kura biyu da wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, mai fulogi shida da kafireto. Da su gidana ke cin tuwo a shekarar nan, ba wani abu bayansu.

Wata safiya ya iso da jif ɗin, da maigadin rumbunsa a kujerar baya. Wani Buzu ne dogo siriri da ake kira Agali, kullum fuskarsa a naɗe da rawani, ba ka ganin komai sai ido. Shi ya ba Alhaji labarin cewa a ƙasarsu, can cikin duwatsun Azbin gaba da Agadas a Nijar, akwai ƙauyukan da ke noma tafarnuwa a lambuna bisa tsauni, irinta mai kyau. Alhaji ya ƙudura zai je ya ɗauko iri, nasa da na mutanen da ke noma tare da shi. Lokaci kuwa ya ƙure, don tafarnuwa da farkon sanyi ake dasa ta, in aka makara sai ta yi ganye ta ƙi yin kai. Ya tambaye ni ko na taɓa shirya mota don hawan dutse irin wannan, in kuwa ban taɓa ba zai kai ta wani gareji a Goronyo.

Tudu mafi tsawo da na taɓa hawa da mota a rayuwata shi ne hawan bakin madatsar Goronyo. Amma na dubi awakin da ke kwance a ramina, na dubi Alhaji, na ce, "Ranka shi daɗe, motocin Azbin da munka shirya ni da ogana ba su ƙidayuwa."

"To madalla," in ji shi. "Kai za ka shirya ta, kai za ka tuƙa. Amma ka ji da kyau, Bello. In motagga tag gaza maido mu gida da ƙahwahunta, motocina sun bar garejinka ke nan har abada."

Kwana huɗu na yi a kan motar nan, kuma kada ku ɗauka duk shirme na yi. Na kwance sifirin na baya na ƙara masa ganye biyu biyu saboda nauyin buhuna. Na kai ta wurin mai walda ya liƙa mata faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa tukunyar baƙin mai. Na sa tayoyi masu tif, na ɗaura safaya biyu bisa rufi, da famfon hannu da faci da gam. Na gwada giyar jan ƙafa huɗu a yashin bakin gulbi har ta shiga ta fita ba gardama. Fambel biyu, fulogi shida sababbi, waya, filaya, jarkokin fetur, man birki. Wannan duka aikin kirki ne, ko yau haka zan yi. Abu uku ne na yi da hankalin Wurno. Na farko, na ce hawa ƙarfi yake so, ƙarfi kuwa abinci ne, jaki ma in za a yi masa lodi sai an ƙara masa dusa, sai na buɗe sukurun kafireto na ƙara mata mai. Na biyu, na wanke lagireto tas na cika shi da ruwan Rima zalla wanda na tace da tsumma. Na uku, na leƙa na ga ashe jif ɗin tana da tamostat, don ba ta taɓa yin zafi an kawo mini ita ba. Har haushin kaina na ji da na bar shi ya daɗe haka. Na cire shi na wurga bayan gareji.

Duk kwanakin nan Agali yana zaune gindin dogon yaro da ɗan kaskon gawayinsa yana dafa shayi, wai Alhaji ya bar shi ya tsare mota. Sai da ya ga tamostat ya tashi sama sannan ya ɗago kai. Ya ce, a hankali, "Bakanike, wanga abu da kac cire, mai da shi. Can bisa sanyi na, ba irin naku ba. Kuma ruwan ga, in da hali a sa mashi maganin da ka hana shi daskarewa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Buzu, kai tsare rumbu aka ba ka ko tsare inji? In ɓarawo yaz zo ni ba ni koya maka riƙon takobi." Mutanen da ke zaune a benci suka taya ni. Agali ya ɗaga butar shayinsa sama ya tsiyaya a kofi. Na ga ya tashi ya zagaya bayan gareji, na ɗauka fitsari ya kai shi.

Mun fita ta Illela, lokacin hanya da lafiya. Daga Ƙwanni zuwa Tawa har Agadas motar nan gudu take kamar an biya ta, allurar zafi ko motsi ba ta yi, Alhaji yana ta sa mini albarka yana miƙo mini dabino. Ina kallon Agali ta madubi ina tambayarsa ko har yanzu yana kewar ɗan ƙarfensa. Da muka bar Agadas muka kama hanyar duwatsu ne labari ya sha bamban. Hanya ta zama tsakuwa da kwazazzabai, ka hau ka sauka ka sake hawa, kowane hawa ya fi na baya. Na sa jan ƙafa huɗu, ta kama ƙasa da kyau, amma sai na ji ƙafata ta kai ƙasa a totur motar kuwa tana tafiyar tsohuwa. Baƙin hayaƙi ya fara fita ta salansa. Can sai ta soma tari, fulogi ɗaya ya ɗauke, na biyu ya bi shi.

A nan na nuna irin tawa basirar. Ban yarda na ce mota ta gaza ba. Na ce wa Alhaji lokacin azahar ya yi, alhali rana ko tsakiya ba ta kai ba. Yana can yana neman alƙibla na kwance fulogai, na same su baƙi ƙirin da kunkunniya, na goge na mayar. Bayan hawa biyu ta sake. Na ce cikina ya murɗa, daga fitowa kuma na buɗe bonet wai ina duba ko ƙadangare ya shiga. Karo na uku na ce wurin nan ya yi kyau, bai kamata mutum ya wuce bai kalli ikon Allah ba. Alhaji ya tsaya yana kallon duwatsu yana tasbihi, ni ina goge fulogi da gefen rigata. Agali ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce ba tare da ya dube ni ba, iska a nan sama kaɗan ce, in saurari kaina ma haki nake yi daga ɗaga bonet kawai. Ya ce wanda numfashinsa bai isa ba, ba a cusa masa tuwo. Na ce ya je ya ji da shayinsa. Yana juya baya na mayar da sukurun kafireto ciki, har na wuce inda yake tun asali. Hayaƙin ya ragu, motar ta ɗan farfaɗo, duk da injin ya ƙi ɗumi sam, yana ta aiki a sanyaye. Alhaji ya ce lallai hutun nan ya yi mata amfani, na ce ai dama shi ya sa nake tsayawa.

Da la'asar sakaliya muka isa ƙauyen su Agali, can ƙololuwa, gidajen dutse da lambuna kore shar da ake ba ruwa daga rijiya. Tafarnuwar kuwa gani ya kori ji. Kafin magariba an yi ciniki, an ɗora buhuna, an ɗaure. Rana na faɗuwa wani sanyi ya sauko wanda ban taɓa jin irinsa ba, ba iska ba ƙura, shiru kawai yake shiga ƙashi. Agali ya same mu ni da Alhaji a bakin ɗakin da aka sauke mu, ya ce in zubar da ruwan motar kafin a kwanta, da safe a mayar, haka masu mota ke yi a nan. Na ce ruwan da na ɗauko tun daga Rima zan zubar a ƙasa? Kuma yaushe ruwa ya taɓa daskarewa a cikin ƙarfe, sai ka ce firjin mai sayar da ƙanƙara? Alhaji ya yi dariya ya ce a bar wa bakanike aikinsa. Na shige ɗaki na ja bargo biyu.

Da asuba na ɗauki butar da na bari a bakin ƙofa zan yi alwala. Na karkata ta, ba abin da ya fito. Na girgiza, na ji ta da nauyi amma ba ta motsi. Na buɗe murfi na sa yatsa, yatsana ya ci karo da abu mai tauri. Ni dai a sanina ƙanƙara abin saye ce da azumi, a naɗe cikin buhu, ban taɓa jin ta zo da kanta ta shiga buta ba. Na tsaya ina mamaki, har na fara murmushi ina cewa zan ba da labari a Wurno. Sannan na tuna abin da ke cikin lagireto. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, wannan ko mai sayar da ƙanƙara ya sani, don yana fasa masa roba. Yadda na idar da sallar nan da ruwan ɗumin da masu gida suka ba ni, Allah dai ya karɓa.

Gari na wayewa na ruga wurin mota, na ɗaga bonet, na buɗe murfin lagireto na leƙa. Wayam. Na zura waya har ƙasa, ta fito a bushe. Na durƙusa na duba ƙarƙashi, ga ɗan tabon ƙanƙara a ƙasa daidai gindin lagireto. Shi ke nan, na ce, ya daskare ya fashe, ruwan ya tsiyaye, wataƙila har injin ya tsage. Lagireto mafi kusa yana Agadas, in ma akwai irinsa. Kafin a je a dawo a ɗaura, kwanakin dashe sun wuce, tafarnuwar mutanen Taloka ta zama ta miya. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na zauna a kan taya ina ganin garejina a rufe da awaki a ciki. Na tuna ramin ƙarya ƙurarre ne, na ce gara in faɗa da bakina kafin a gano, ko Alhaji ya ji tausayina ya bar mini ko akori-kura ɗaya.

Na same shi a zaure ya dunƙule cikin bargo gaban wuta, Agali na gefe yana fifita gawayin shayi, ya jingina da wani tulin kaya da aka lulluɓe da bargo. Na durƙusa na ce mota ta mutu, kuma ni na kashe ta. Na ce lagireto ya fashe saboda ruwan da na ƙi zubarwa. Alhaji bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kai da kas shirya motocin Azbin ba su ƙidayuwa?"

Na ce ban taɓa shirya ko ɗaya ba, ogana ma bai taɓa wuce Illela ba.

"Sai mi kuma?"

Na ce azahar ɗin jiya ba lokacinta ba ne, cikina lafiyarsa lau, ikon Allah kuma ban ko kalle shi ba, fulogi nake gogewa. Agali ya miƙa wa Alhaji kofin farko, ya miƙo mini nawa, idonsa a kan buta. Alhaji ya kurɓa ya sake tambaya.

"Sai mi kuma?"

Ku ji inda tsoro ke kai mutum. Babu wanda ya tambaye ni labarin bara, amma bakina ya riga ya buɗe ya ƙi rufuwa. Na ce ƙarar nan da akori-kurarsa ta riƙa yi bara, wadda ya yi ta yabona a kasuwar Goronyo cewa ni kaɗai na gano ta bayan kwana uku ina bincike, ba wani ciwo ba ne, sifanata ce na manta a cikin ƙofa tun gyaran farko. Na ce tsohon batirin jif ɗin da na ce masa ya mutu, yana gidana yana kunna mini rediyo. Ina cikin neman abin da zan ƙara Agali ya zuba kofi na biyu, muka sha, ya zuba na uku, don Buzu ba ya katse shayi saboda tashin hankalin wani. Sai da ya ɗauraye kofunan ya jera su sannan ya juya ya yaye bargon da ya jingina da shi. Jarkoki biyu ne, cike da ruwa, sun kwana kusa da wuta.

"Ruwanka na, Bakanike," in ji shi. "Na Rima. Da kunka shiga ɗaki nib buɗe mashi ta ƙasa nit tare. Kaɗan ɗai yaz zube."

Sannan ya sa hannu cikin jakar fatar da ke rataye a wuyansa, ya ciro wani abu naɗe da tsumma ya ajiye a gabana. Tamostat ɗina ne, har da ƙasar bayan garejina a jikinsa. Ashe kafin ya zo gadi ƙasarmu, shekarun ƙuruciyarsa duka a bayan manyan motocin da ke hawa duwatsun nan ya yi su. Bai san lambar sifana ko ɗaya ba, amma ya san abin da sanyi da hawa ke yi wa inji. Na tambaye shi don me bai faɗa mini ba tun da ya ga na nufi mota a guje. Ya ce ya ga ina da magana da Alhaji, bai so ya katse ni ba.

Alhaji ya yi dariya har bargo ya zame masa, ya yi tari, ya sake yi. Ni ban ga abin dariya ba a lokacin. Na tashi na yanka gasket mai hana yoyo daga kwalin sukarin Agali, na mayar da tamostat mazauninsa, na rufe mazubin ƙasa, muka ɗura ruwan nan mai ɗumi. Bugu biyu ta tashi. Cikin ɗan lokaci allurar zafi ta hau ta tsaya tsakiya, injin ya daidaita muryarsa, irin muryar da ban ji ba tun Agadas. Da za mu gangaro kuma na ɗora ƙafa a birki yadda muka saba, Agali ya dafa kafaɗata daga baya ya ce in sa babbar giya, wato ta ɗaya ko ta biyu, in bar inji ya riƙe motar, in ba haka ba birkin zai yi zafi ya sake mu a tsakiyar gangara da buhuna a bayanmu. Wannan karon ban ce ya ji da shayinsa ba. Na ce, "To, Malam Agali."

Mun iso Taloka saura kwana uku lokacin dashe ya wuce, aka dasa tafarnuwa, ta kuwa yi kai. Amma duk tsawon hanya Alhaji bai ce komai a kan motocinsa ba, ni kuma ban iya cin dabinon da yake miƙo mini ba. Sai da aka sauke buhu na ƙarshe ya kira ni gaban mutane. Ya ce shi magana ɗaya yake yi: mota ta maido mu da ƙafafunta, don haka motocinsa suna nan a garejina. Batir kuwa in ci gaba da jin labarai da shi. Sai dai daga yau, duk motarsa da na gyara, ba za ta fita ba sai maigadinsa ya zo ya duba ya yarda.

Shekara tara ana haka. Ni Bello Sifana, in gama aiki in wanke hannu in zauna ina jiran maigadi. Wurno kaf ta san labarin, don Alhaji bai bar kasuwar da bai ba da shi ba, da azahar ɗin da sifanar cikin ƙofa duka. Agali zai iso a kan kekensa, ya kafa kasko gindin dogon yaro, da gawayina da sukarina. Ba ya leƙa inji, ba ya taɓa noti. Sai an sha kofi uku zai ɗago ya yi tambaya ɗaya: "Ina za ta?" In na amsa daidai, ya gyaɗa kai ya hau kekensa. In na ce ban sani ba, ya hura sabon gawayi ya ce zai jira in je in tambayo. Da farko kamar in haɗiye zuciya. Daga baya na lura motocin da nake tambayar inda za su ba sa dawowa da ciwon da suka tafi da shi. Da tsufa ya kama shi ya koma duwatsunsu, na yi kewarsa fiye da yadda na zata, har yau in na gama babban aiki sai in ga ina duban gindin bishiyar nan.

Jiya bayan kun watse na bi baƙon nan masaukinsa na yi masa tambayar da ba ku yi ba. Ɗan kasuwa ne, jibi zai kama hanyar Agadas, daga can ya hau sama, kuma ga sanyi ya kunno kai. Na ce ya dawo da motar yau da hantsi, akwai ɗan abin da muka manta. Shi ne can ya kunno kai daga kwanar kasuwa. Wanda ya wurga tamostat a kwata ya san kansa, ya naɗe hannun riga ya je ya lalubo shi. Sauran ku hura gawayi, ba inda motar nan za ta sai an sha kofi uku.